Turancin da Ba a Koya Mana a Aji Ba: Kowane Gari a Birtaniya da Irin Bakinsa

Satina na farko a Sheffield na shiga bas zan je cikin gari, direban wani ƙaton dattijo ne mai furfura, hannayensa duk zane, ya dube ni ya ce "where to, love?" Wallahi sai da gabana ya faɗi. A iya Turancin da aka koya min tun daga firamare har jami'a, love dai soyayya ce, kuma namiji ba ya duban namiji ɗan uwansa ya kira shi da ita. Na biya kuɗina na wuce na zauna raina a jagule, sai ga wani magini ya shigo bayana kayansa duk siminti, shi ma aka ce masa love, shi ma ya mayar da love, tsohuwar da ta biyo shi ita ma haka. Kafin mu kai tasha ta uku na gane cewa a garin nan kalmar ba ta wuce yadda mai kayan miya za ta ce maka "ɗana me za a ba ka" ko kwandasta ya ce "yallaɓai a matsa ciki" ba. Girmamawa ce da jawo mutum a jiki, shikenan.

Abin da ya sa nake son mu zauna mu warware maganar nan shi ne, 'yan uwanmu da yawa sun tafi Birtaniya a shekarun baya-bayan nan, wasu karatu wasu aikin jinya da kula da tsofaffi, mutum ya ci jarrabawar Turanci da maki mai kyau ya sauka da ƙarfin gwiwarsa, sai ya tarar mai shago na masa magana bai kama ko rabi ba, sai ya fara zargin kansa yana ganin kamar shi ne bai iya ba. Ka iya ɗan uwa. Turancin da aka koya mana guda ɗaya ne, na littafi da na masu karanta labarai, su kuma masu harshen suna da shi kala-kala, kuma ko su kansu wani ba ya gane wani sosai. Daga Libapul zuwa Manchesta tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba ce, amma mutum na buɗe baki an san na wane gari ne a cikin biyun. Newcastle da Sunderland kuwa kusan kilomita 20 ne kawai tsakaninsu, amma ɗan Newcastle zai ce "howay", ɗan Sunderland ya ce "haway", ma'ana ɗaya, wato zo mu je ko a dage, kuma kowanne yana riƙe da nasa kamar tutar gidansu.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo ai kun riga kun ji abin da kunnenku. Saurari Jamie Carragher yana sharhi, sannan ka saurari Alan Shearer, ka ƙara da hirar Jack Grealish ko tsohuwar hirar Sir Alex Ferguson. Libapul ke nan, Newcastle, Bamingham da Glasgow, harshe ɗaya baki huɗu.

Tambayar ita ce me ya kawo haka a tsibirin da bai kai Najeriya girma ba. Amsar tana tun tushe. Turanci bai taɓa zama abu guda ba, domin mutanen da suka kawo shi a ƙarni na 5, wato Angles da Saxons da Jutes, daga wurare daban-daban na arewacin Jamus da Denmark ta yanzu suka tsallako, kowa ya kama yankinsa ya kafa sarautarsa, Northumbria a arewa, Mercia a tsakiya, Wessex a kudu maso yamma, Kent a kudu maso gabas, kowace da karin harshenta. Daga baya mayaƙan ruwa na Viking, mutanen yankin Denmark da Norway, suka zo, a shekarar 866 suka ci birnin York suka zauna a arewa da gabas suka yi aure suka hayayyafa. Har gobe kalmominsu na bakin mutanen Yorkshire. Idan tsoho ya ce yara suna "laikin'" a waje, wasa suke yi, kalmar daga tsohon harshen Viking ta fito. Ƙaramin rafi "beck" ne. Idan ka je York za ka ga tituna irin su Coppergate da Micklegate, kada ka tsaya neman ƙofa, wannan gate ɗin titi take nufi a harshen waɗancan mutane. Sai 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ƙwace mulki, fada da kotu suka koma Faransanci na tsawon lokaci, talaka a ƙauyensa ya ci gaba da maganarsa ba mai gyara masa. Saboda haka da yawa daga cikin kalmomin nan da ake wa kallon na 'yan tasha ko lalataccen Turanci, sun girmi Turancin littafin da ake auna su da shi. Wannan ita ce maganar da nake so a riƙe, sauran duk misalai ne.

Mu koma kan kiran mutum tunda da shi na fara, don nan baƙo yake fara cin karo. A Yorkshire love ce. Ka gangara Nottingham ko Derby ko Stoke sai ka ji "ey up me duck", wato sannu, amma fa duck agwagwa ce a ƙamus, kuma babban mutum da gemunsa za a ce masa haka ya amsa da fara'a. A Newcastle "pet" ake cewa, tsofaffi kuma su ce "hinny". A Bamingham "bab". A Glasgow mace "hen" ce, wato kaza, namiji kuma "pal" ko "big man". A kudancin Wales aboki "butt" ne. A Bristol da yankin kudu maso yamma wata mai sayar da abinci za ta iya ce maka "alright my lover", ba ta san ka ba ba ta taɓa ganinka ba, kuma ba komai a ranta. A Manchesta idan mutum ya ce "our kid" ƙaninsa ko wansa yake nufi, ko aminin da ya zama kamar ɗan uwa, ko da kuwa mutumin ya shekara hamsin. Akwai wadda nake so ƙwarai, "marra", ta yankin Durham da Cumbria, asalinta abokin aikinka ne a cikin ramin haƙar kwal, mutumin da ranka ke hannunsa nasa ke hannunka a ƙarƙashin ƙasa. An rufe ramukan amma kalmar ta ƙi mutuwa. Ina jawo hankalin 'yan uwa mata musamman a nan, idan direba ko mai shago ya ce miki love ko pet a arewacin Ingila, a mafi yawan lokaci gaisuwa ce kawai, kada hankalinki ya tashi, amma kuma ke ma kin san bambancin gaisuwa da shisshigi, idan abin ya wuce kalma ya koma wani abu kina da damar taka burki.

Haka gaisuwar "you alright?" ko a taƙaice "alright?" da za ka ji ko'ina. Ba wai sun ga alamar ciwo a jikinka ba ne. Kamar "lafiya?" ce tamu idan an haɗu a hanya, ka ce alright kai ma ka wuce, ba a zayyana wa mutum ciwon baya.

Sai maganar burodi, wadda su kansu Turawan suke musu a kai kamar za su ba hammata iska. Ɗan dunƙulallen burodin nan mai laushi da ake tsagawa a sa ƙwai ko nama a ciki, abu ɗaya ne tak, amma a Sheffield "breadcake" ne, a Nottingham da Leicester "cob", a Manchesta da Wigan "barm", a Coventry "batch", a Oldham "muffin", a wasu sassan yammacin Yorkshire "teacake", wasu wuraren "bap", a Landan kawai "roll". Ita barm ɗin asalinta kumfar yis ce da ake samu wurin haɗa giya, da ita ake kumbura ƙullun a da, sai sunan ya bi burodin. A Newcastle akwai wani faffaɗa mai nauyi da ake kira "stottie", daga kalmarsu ta stot, wato abu ya daki ƙasa ya yi tsalle. Na taɓa tsayawa a layi a wani shagon soyayyen dankali, wani saurayi daga kudu ya nemi roll, matar ta dube shi ta ce breadcake kake nufi ko, ya ce a'a roll, ta ɗauko ta nuna masa ta ce to wannan sunansa breadcake a nan, sai da ya faɗa da bakinsa ta miƙa masa tana murmushi. Ba burodin ne ya dame ta ba, garinta take karewa. Lungu ma haka yake, wannan siririyar hanya tsakanin gidaje: "ginnel" a Manchesta da Leeds, "gennel" a Sheffield, "snicket" a wasu sassan Yorkshire, "jitty" a Derby da Leicester, "twitten" a Sussex, "tenfoot" a Hull. Idan ana maka kwatance aka ce ka bi ta nan, to lungu ne.

Wadda ta fi rikita mutanenmu ita ce tea. Idan maƙwabcinka a arewacin Ingila ya ce ka zo tea da ƙarfe shida, kada ka ci tuwonka ka ƙoshi ka tafi da niyyar shan shayi, abincin dare ne sosai za a ajiye maka. A wurinsu dinner abincin rana ne, tea na yamma, shi ya sa matan da ke raba wa yara abincin rana a makaranta ake ce musu dinner ladies a duk ƙasar. Wannan kuma ya fi alaƙa da aji fiye da taswira: ma'aikacin masaƙa ko na rami yana cin babban abincinsa da rana, ya dawo gida da yamma a ci abinci da shayi a gefe, masu hali kuwa sai dare ya yi suke zama cin dinner ɗinsu. Shayin kansa idan shi ake nufi, a Manchesta da Lancashire "brew" za a ce. Sannan pants, wadda a kudu kamfai take nufi, a Manchesta da Libapul wando ne na sama kamar yadda Amurkawa ke faɗa, kuma idan aka ce wasan jiya pants ne, to ana nufin bai yi ba ko kaɗan.

Akwai wasu ƙananan kalmomi na Yorkshire da in ba ka san su ba aiki zai ba ka wuya. "Nowt" babu komai, "owt" wani abu ko komai, "summat" wani abu. "While" kuma tana zuwa da ma'anar har zuwa, idan shugabar aiki ta ce za ka yi seven while three, daga bakwai ne zuwa uku. "Mardy" mai saurin kumbura baki ne, irin yaron da aka hana alewa ya koma gefe yana cika yana batsewa. "Mither" damun mutum da magana. "Nesh" kuma mutumin da sanyi ke saurin kamawa, kuma ita ma tsohuwar kalma ce tun zamanin Turancin farko, asalinta abu mai laushi. Turancin littafi ba shi da kalma ɗaya tilo da ke ɗaukar wannan ma'ana, sai ka yi jimla guda, to ka ga wa ya fi wani arziki a nan.

Libapul labarinta daban ne, shi ya sa bakinta bai yi kama da na maƙwabtanta ba. Tashar jiragen ruwa ce, kuma lokacin babbar yunwar da ta auka wa Ayalan daga 1845 mutane suka yi ta kwararowa, har ƙidayar 1851 ta nuna sama da kashi 20 cikin 100 na mazauna garin a Ayalan aka haife su, ga 'yan Wales ga matuƙan jirgi daga ko'ina. Sunan da ake kiransu da shi ma, Scouse, daga wani romon nama da dankali ne na matuƙan jirgi mai suna lobscouse. A can idan abu ya yi kyau "boss" ne, mutumin kirki "sound" ne, abinci "scran", 'yan sanda "bizzies", aboki "la" ko "lad". Idan mutum ya ce "I'm made up" ba kwalliya ya yi ba kuma ba ƙirƙirar labari ba ce, murna ce ta cika shi. Wanda ya fito daga garuruwan kewaye kamar St Helens ko Widnes kuma "wool" suke ce masa, irin kallon da ɗan birni ke wa na ƙauye, wannan kam ba yabo ba ne, kada ka ɗauka ka jefi wani da ita.

Mutanen Newcastle, Geordie, su ne suka fi riƙe tsofaffin sautuka. "Gan hyem" tafiya gida, kuma ɗan Denmark zai ji ta kusan kamar harshensa. Yaro "bairn", yarinya "lass", eh "aye", garin kansa "toon". "Canny" a ƙamus mai wayo ne, a bakinsu kuwa mai kirki ne ko abu mai daɗi, har tana zuwa da ma'anar sosai. "Gadgie" wani mutum ke nan ko dattijo, ita kuma daga harshen Romani ta shigo, mutanen nan masu yawo da asalinsu Indiya, kamar yadda pal da cushty da mush su ma daga wurinsu aka aro.

To yanzu Landan, inda zan ɗan daɗe, don duk wanda ya taɓa yin zaurance yana yaro zai ji daɗin wannan. Cockney na asali shi ne wanda aka haifa a inda ake jin ƙarar ƙararrawar cocin St Mary-le-Bow, wato talakawan gabashin birnin. Wajen shekarun 1840 'yan kasuwar titi na yankin suka fito da wani salo, wasu sun ce don ɓoye magana daga 'yan sanda da masu saye, wasu sun ce nishaɗi ne kawai. Yadda abin yake, za a ɗauki kalmar da ake nufi, a nemo wasu kalmomi biyu da ƙarshensu ya yi amsa-amo da ita, a faɗe su a madadinta. Matakala stairs ce, sai a ce "apples and pears". Waya phone ce, sai a ce "dog and bone". Har nan da sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne sai a yanke kalmar ƙarshen, wadda ita ce ma mai amsa-amon, a bar ta farkon kawai, sai hanyar ganowa ta toshe gaba ɗaya. Look ta zama butcher's hook, aka yar da hook, yanzu sai mutum ya ce maka "have a butcher's", wato duba nan, kai kuma kana ta neman mahauci. Lies ta zama pork pies ta koma "porkies", ƙarya ke nan. Head ta zama loaf of bread, shi ya sa "use your loaf" ke nufin yi aiki da hankalinka. Hair ta zama Barnet Fair, sunan wata tsohuwar kasuwar dawaki a arewacin Landan, yau gashi "barnet" ne. Mate ta zama china plate, aboki ya koma "me old china". Har sunan mutane ake sawa, Ruby Murray mawaƙiya ce 'yar Belfast da ta yi tashe a shekarun 1950, sunanta ya dace da curry, yau mutum zai ce zai je cin Ruby alhali bai ma san wace ce ita ba. Da yawa daga cikin waɗannan sun bar Landan sun shiga bakin kowa, Bature zai faɗi porkies bai san daga inda ta fito ba. A kuɗi ma suna da nasu: quid fam ɗaya, score fam 20, pony fam 25, ton fam 100, monkey fam 500.

Sai dai idan ka sauka Landan yau kana neman wannan Cockney a bakin matasa da wuya ka same shi. Bayan yaƙin duniya na biyu iyalai da yawa na gabashin birnin sun koma Essex da kewaye, wasu mutanen suka maye gurbinsu. A watan Yunin 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke mutanen Karibiyan a Tilbury, daga baya ga 'yan Bangladesh da Pakistan, ga 'yan Najeriya da Gana, ga Somaliyawa, 'ya'yansu suka tashi a unguwa ɗaya makaranta ɗaya da 'ya'yan Turawa, sai wani sabon baki ya fito wanda masana irin su Jenny Cheshire da Paul Kerswill suka yi nazarinsa a unguwar Hackney. Jamaika ce ta fi zuba masa kaya. "Wagwan" me ake ciki, "mandem" samarin unguwa, "ends" unguwar da ka fito, "yard" gida, "peng" kyakkyawa. Wasu kalmomin sun juye gaba ɗaya: "bare" da muka sani da tsirara ko fayau, a nan da yawa take nufi. "Peak" ba ƙololuwa ba ce, abin takaici ne. "Long" abu ne mai cin rai da ba ka son yi. "Allow it" kuma ba ƙyale shi ya yi ba ne, bari ne, daina. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da na ji wani yaro Bature fari fat a tashar jirgin ƙasa yana ce wa abokinsa "wallahi" a tsakiyar magana. Daga abokansa Somaliyawa da Larabawa ya ɗauka, da ita da "akhi". Na ji daɗi ta wani ɓangaren, ta wani ɓangaren kuma raina ya sosu, domin a wurinsa kalma ce ta ƙarfafa zance kawai, bai san rantsuwa ce da sunan Allah ba, kuma gaskiya mu ma da muka sani ba mu cika ba ta nauyinta ba.

Sikotlan kuwa a yi hattara da kiran maganarsu zaurance ko Turancin titi, da yawansu ba sa so, domin Scots harshe ne da ya taso kafaɗa da kafaɗa da Turancin Ingila yana da adabinsa na ɗaruruwan shekaru. "Wee" ƙarami, "ken" sani, "dinnae" kada. "Greet" ba gaisuwa ba ce, kuka ne, idan aka ce yaro na greetin' to rarrashi yake buƙata. "Messages" cefane ne. "Piece" burodin da aka sa wa wani abu a tsakiya. A Glasgow idan ka ce ba za ka je ba aka ce maka "how?" me ya sa ake tambayarka. Yaro a Glasgow "wean" ne, a Edinburgh bairn. "Dreich" kuma ita ce ranar nan mai duhu da yayyafi da sanyi wadda ba ta ƙarewa, duk wanda ya yi hunturu ɗaya a can zai ce lallai kalmar ta dace da abinta. Wani abin sha'awa, idan suna tambayar ina gidanka sai su ce "where do you stay", daidai yadda muke faɗa a Najeriya. 'Yan uwanmu da ke Aberdeen, garin man fetur, su ne ke shan aiki, don can akwai karin Doric inda wh ke komawa f, gaisuwa ta zama "fit like?", saurayi "loon", budurwa "quine". Wanda ya san yadda fari ke zama hwari kuma lafiya ta zama lahiya tsakanin Kano da Sakkwato ba zai yi mamaki ba.

Sauran zan bi su da sauri. A Wales "cwtch" runguma ce irin ta uwa da ɗanta, "tidy" abu ya yi daidai, "now in a minute" kuma ina zuwa ce irin tamu. A Cornwall "dreckly" ta fi ta nisa, za a yi amma ba a sa rana ba. A Bristol "gert lush" ya yi kyau matuƙa, kuma mai sauka daga bas zai ce "cheers drive". A Bamingham da garuruwan da ke yamma da ita "bostin'" ya haɗu ke nan, shataletale "island" ne, mai kwana-kwana a magana ko wanda ya bi doguwar hanya kuma an ce ya tafi "round the Wrekin", sunan wani tsauni a Shropshire.

Akwai ciwo a ƙarƙashin duk wannan da bai kamata in tsallake ba. Shekara da shekaru ana nuna wa masu waɗannan bakuna cewa maganarsu ta marasa ilimi ce. Da aka kafa BBC a 1922 bakin masu hali na kudu aka ɗauka a matsayin na karanta labarai. A 1941 aka sa Wilfred Pickles, ɗan Halifax a Yorkshire, ya karanta labarai da bakin garinsu, masu sauraro suka yi ta aiko da ƙorafi. Har yau akwai wanda zai bar Barnsley ko Sunderland ya je jami'a a kudu ya dinga danne harshensa don kada a raina shi. Mu ma mun san wannan, yadda aka gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci sai ka ga ana dariyar Basakkwace don ya ce "mi kaka so", ko ɗan Maraɗi don ya ce mato maimakon mota, alhali Hausarsa ba ta gaza ta kowa ba. Su dai Turawan sun yi wani abu da nake fata mu ma mu yi da gaske: tsakanin 1950 da 1961 Harold Orton na Jami'ar Leeds ya tura masu bincike wurare 313, kusan dukkansu a Ingila, yawanci ƙauyuka, suka zauna da tsofaffi suna tambayarsu me kuke kiran kaza me kuke kiran kaza suna rubutawa, don sun hango kalmomin za su bi masu su kabari. Wasu sun bi ɗin kuwa, talabijin da intanet sun share da yawa, amma irin su cob da ginnel da mardy suna nan daram.

Shawarata ga mai shirin tafiya, ka koyi jin su amma kada ka yi gaggawar faɗarsu. Kalmomin nan shaidar zama ɗan gari ne, idan ka sauka jiya yau ka fara ce wa mutane duck ko la, wani zai ɗauka kwaikwayonsa kake kana masa ba'a. Fara da "ta" da "cheers" wurin godiya, sauran za su shigo bakinka da kansu in zama ya yi zama. In ba ka gane ba kuma ka tambaya kai tsaye, ban taɓa tambayar wani ma'anar kalmar garinsu ya ɓata rai ba, sai ma ya gyara tsayuwa ya ƙara maka biyu a kai.

Ga masu aikin kula da tsofaffi kuwa abin ya wuce nishaɗi, don tsoho da ya fara rikicewa bakin yarintarsa yake komawa. Zai ce maka yana "badly", wato ba shi da lafiya. Tsohuwa za ta ce tana son ta "spend a penny", bayan gida take son zuwa, tun zamanin da ake jefa kwabo kafin ƙofar bandakin gwamnati ta buɗe. Na yi aikin dare a wani irin wannan gida lokacin ina karatu, akwai wata tsohuwa da ta haura shekara casa'in, wani dare wajen ƙarfe biyu ta danna ƙararrawa na je, ta kama hannuna ta ce "I'm starved, love". Na ce to Mama bari in kawo miki wani abu, na je kicin na gasa burodi na shafa bota na haɗo da shayi na kawo, ta dubi farantin ta girgiza kai ta sake cewa starved, muryarta na rawa. Na kira abokiyar aikina, wata 'yar garin da ta kusa sa'ar mahaifiyata, tana jin kalmar ba ta ce komai ba ta buɗe kabad ta ɗauko bargo biyu. A tsohon bakin Yorkshire da Lancashire starved sanyi ne ya kama mutum, domin asalin kalmar mutuwa take nufi, ko ta yunwa ko ta sanyi, su suka riƙe ta sanyin. Muka lulluɓe ta, na durƙusa na sa mata safa, ƙafafunta kamar ƙanƙara. Shayin dai ta karɓa ta riƙe kofin da hannu biyu, ba ta sha ba har barci ya ɗauke ta na zare shi a hankali.